Dawaki 265: Jaguar ta 1961 da jif ɗin kai yara makaranta

Wannan makon gareji za mu shiga, kuma wata lamba ce ta ja mu can: 265.

A watan Maris na 1961, ranar da kamfanin Jaguar na Ingila ya yaye wa motarsa E-Type mayafi a bajekolin motoci na birnin Geneva, ya ce injinta yana da ƙarfin dawaki 265. Mutane suka riƙe baki. A 2023 kamfanin Toyota ya sa wa Highlander sabon inji, wannan dai jif ɗin da tsofaffin samfurinta suka cika titunan Kano da Kaduna, ana kai yara makaranta a cikinsu, ana ɗauko buhun shinkafa. Ƙarfin sabon injin nawa ne? Dawaki 265 cif. Babu wanda ya ko ɗaga kai. Ƙarfin da aka taɓa yin tattaki don a gani da ido, yau shi ake zuwa cefane da shi.

Ban da wannan lamba, da wuya a sami inda motocin biyu suka yi tarayya. E-Type kujera biyu gare ta, tsayinta daga ƙasa zuwa rufi wajen mita 1.2 ne, babban mutum idan ya tsaya kusa da ita da ƙyar take kai masa ƙirji. Kusan rabin jikinta bonet ne, dogo kamar kwalekwale, direba yana can baya dab da tayoyin baya. Highlander kuwa tana ɗaukar mutum bakwai ko takwas, tsayinta ya haura mita 1.7, nauyinta ya kusa tan biyu, alhali E-Type wajen kilo 1,300 ce. Abin da muke so mu bi sawunsa shi ne yadda aka taso daga waccan aka iso wannan, da kuma wanda ya biya kuɗin tafiyar.

E-Type 'yar filin tsere ce. Uwarta, D-Type, ta cinye tseren Le Mans na ƙasar Faransa, wanda ake yin awa 24 ana gudu ba tsayawa, sau uku a jere: 1955 da 1956 da 1957. Nasarar farkon ma a cikin jini aka same ta, domin a tseren 1955 ne wata Mercedes ta tashi sama ta faɗa cikin 'yan kallo, mutum fiye da 80 suka mutu, kuma aka ci gaba da tseren har ƙarshe. Tunanin zamanin ke nan: gudu yana da kuɗinsa, wanda ƙaddara ta faɗa wa sai haƙuri.

Wanda ya zana jikin motar, Malcolm Sayer, daga kamfanin ƙera jiragen sama na Bristol ya zo. Bai yarda a kira shi mai zane ba, domin da lissafi yake fitar da kowace lanƙwasa, yana neman yadda iska za ta zame ta wuce ba tare da ta riƙe motar ba. Kyan da ake ta yabo har yau, har gidan adana kayan fasaha na zamani da ke New York ya ajiye guda a 1996, daga alƙaluma ya fito.

Labarin zuwanta Geneva ma abin ji ne. Motar da za a nuna wa 'yan jarida ba ta kammala da wuri ba, sai wani ma'aikacin kamfanin, Bob Berry, ya tuƙo ta cikin dare daga Coventry, ya tsallaka teku a jirgin fito, ya iso saura 'yan mintoci a buɗe taro. Da mai kamfanin, Sir William Lyons, ya ga layin masu son a zaga da su ya ƙi ƙarewa, sai ya aika gida cewa Norman Dewis, babban mai gwada motocinsu, ya ajiye duk abin da yake yi ya kawo ta biyu. Shi ma a dare ɗaya ya iso.

Abin da ya fi gigita mutane shi ne farashi. Kusan fam 2,100 aka sa mata, wajen rabin kuɗin Aston Martin ta lokacin, ga kuma alƙawarin gudun kilomita 240 a awa. A nan sai mu rage wa kamfanin gishiri. Motocin da aka ba mujallu suka gwada an ɗan yi musu gyara na musamman, ta mai saye ba kasafai take kai wa nan ba. Dawaki 265 ɗin ma an auna su ne da irin awon da, inda ake cire wa inji kayan da ke rage masa ƙarfi, saboda haka na Highlander sun fi su cika mudu.

Hotuna ba sa nuna wahalar zama a cikinta. Zafin inji yana ratsowa ya gasa ƙafafu. Dogon mutum ba ya samun wurin miƙe ƙafa a samfurin farko. Giya ta ɗaya sai motar ta tsaya cak take shiga lafiya, in ba haka ba sai ta yi ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, ba a gyara wannan ba sai 1964. Fitilun nan masu murfin gilashi da ke ba ta kyan fuska ba su da wani hasken kirki da dare. Kujerun ba su da matokarar ƙeya. A gaban direba akwai sitiyari mai bakin katako a kan sandar ƙarfe da ta auna ƙirjinsa, ga 'yan maɓallai na ƙarfe masu tsini jere a gaban gwiwa. Bel kuwa ba dole ba ne, Birtaniya ba ta tilasta wa masu zama a gaba ɗaura shi ba sai 1983. Duk wanda ya sayi E-Type ya san da ransa yake ciniki, wasu ma abin da ya ja su ke nan.

Ba wata mota ce ta kashe ta ba, doka ce, kuma dokar wata ƙasa. Mafi yawan E-Type Amurka ake kai su, a tsakiyar shekarun 1960 kuwa mutum kusan 50,000 ke mutuwa a titunan Amurka duk shekara. Kamfanoni suna cewa laifin direbobi ne. A 1965 wani matashin lauya, Ralph Nader, ya fitar da littafi mai suna Unsafe at Any Speed, yana cewa a'a, yadda ake ƙera motar ne ke mayar da ƙaramin haɗari ya zama jana'iza. Da kamfanin General Motors ya yi shiru, wataƙila littafin ya kwanta a kanta. Sai ya sa 'yan leƙen asiri su bi Nader su tono masa abin kunya. Asiri ya tonu, shugaban kamfanin ya ba da haƙuri a gaban majalisar dattawa a Maris na 1966, littafi ya yi kasuwa, kafin shekarar ta fita kuma shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar kiyaye lafiyar motoci.

Daga 1968 sai aka fara rage wa E-Type ado ɗaya bayan ɗaya. Aka cire murfin fitilu. Aka sauya maɓallan nan masu tsini da masu faɗi. Aka yanke kunnuwan ƙarfen da ke tsakiyar tayoyi, waɗanda ke iya yankar ƙafar mai wucewa. Dokar hayaƙi ta sa aka mayar da kafireto uku suka zama biyu a motocin da ake kai Amurka, ƙarfi ya ragu. Don a cike giɓi, a 1971 aka ɗora mata ƙaton inji mai silinda 12, ta yi ƙiba, ta ƙara shan mai, sai kuma ga rikicin man fetur na Oktoban 1973, lokacin da ƙasashen Larabawa suka rufe famfo. A 1974 aka daina ƙera ta, bayan an yi kimanin 72,000. Daga cikin 50 na ƙarshe, 49 baƙin fenti aka yi musu.

Ita kuwa jif daga wani gida dabam ta fito. Sunan da muke kiran kowace doguwar mota da shi, ko Toyota ce ko Lexus, asalinsa 'yar ƙaramar motar sojan Amurka ce ta Yaƙin Duniya na Biyu, wadda Willys da Ford suka ƙera daga 1941. Bayan yaƙi, wani injiniyan kamfanin Rover, Maurice Wilks, yana aiki da ragowar irinta a gonarsa, ya ga babu mai maye gurbinta in ta mutu, daga nan aka haifi Land Rover a 1948, da jikin alminiyam saboda ƙarfe ya yi wuya a Ingila. Ita ce Landirobar da kakanninmu suka sani a hannun Turawan mulki da ma'aikatan gona da na asibiti. Toyota ta bi sahu a 1951 da motar da daga baya ta zama Land Cruiser. Dukkansu motocin wahala ne, babu mai sayensu don jin daɗi, zama a bayansu kamar zama a kan jaki ne. Range Rover ta 1970 ma, wadda yau ta zama tambarin kuɗi, da kujerun leda da daɓen roba ta fito, yadda za a iya wanke cikinta da tiyo.

Abin mamaki, guguwar dokokin da ta kayar da E-Type ita ce ta ɗaga jif. Bayan wahalar mai, Amurka ta yi doka a 1975 cewa dole kamfanoni su rage shan man motocinsu, ƙananan motoci su kai mil 27.5 a galan ɗaya zuwa 1985. Amma aka sassauta wa ƙananan motocin ɗaukar kaya, don kada a takura manoma da 'yan kwangila. Kamfanoni suka hango ƙofa. Idan aka ɗauki ƙashin a-kori-kura aka ɗora masa rufi da kujeru da na'urar sanyaya iska, a takarda motar kaya ce, a zahiri kuwa motar iyali ce, ga riba mai kauri. Jeep Cherokee ta 1984 ta share hanya, Ford Explorer ta 1990 ta mayar da abin yayi. Doguwar motar iyali mai ƙasa-ƙasa, irin Fijo 504 mai budaɗɗen baya da kamfanin PAN ya riƙa haɗawa a Kaduna, sai ta fara ɓacewa daga gidajen Amurkawa.

Iyaye sun saye ta suna ganin ƙatuwar mota ita ce lafiya, amma jif ɗin wancan zamani tana da nata ciwon. Nauyinta yana sama, in aka murɗa sitiyari da gaggawa sai ta wuntsila. Abin ya fito fili a 2000, da tayoyin Firestone da ke ƙarƙashin Explorer suka riƙa saɓulewa ana tsakiyar gudu. Aka janye taya miliyan 6.5 a watan Agustan shekarar, an kuma danganta mutuwar mutum fiye da 200 da lamarin a Amurka. Ford da Firestone, masu hulɗar kusan shekara 100, suka raba gari a 2001, kowa yana nuna ɗan uwansa da yatsa.

A daidai wannan lokaci Highlander ta shigo, a 2000. Dabarar Toyota ita ce ta bar ƙashin motar kaya, ta gina ta a kan tushen Camry. In za mu faɗi gaskiya, Highlander Camry ce da ta hau dogayen ƙafafu, kuma wannan ba zagi ba ne, shi ya sa take da laushin tuƙi. Sai kuma na'urar da Bosch da Mercedes suka fito da ita a 1995, wadda ke jin lokacin da mota ta fara zamewa ta kama birkin taya guda kafin direba ya ankara. Amurka ta wajabta ta a duk sababbin motoci daga samfurin 2012, kifewar jif ta ragu ƙwarai.

Yanzu a ajiye su gefe da gefe. Za a ji masu cewa motar da ita ce mota, ƙarfe ne zalla, ta yanzu kuwa gwangwani ce, ɗan taɓawa sai ta lotse. Lotsewar nan da gangan aka yi ta. Wani injiniyan Mercedes, Béla Barényi, shi ya kawo tunanin cewa gaba da bayan mota su murƙushe su shanye dukan, ɗakin da mutane ke zaune kuwa ya tsaya da ƙarfinsa, aka fara aiki da shi a 1959. Wanda ya faɗo daga katanga a kan yashi da wanda ya faɗo a kan siminti, nisa ɗaya suka faɗo. A 2009 wata cibiyar kamfanonin inshora ta Amurka, IIHS, ta gwara Chevrolet Bel Air ta 1959 da Chevrolet Malibu ta 2009 gaba da gaba. Tsohuwar ta ruguje har cikin ɗaki, sitiyari ya daki mutum-mutumin da aka zaunar. A sabuwar, ɗakin bai motsa ba, raunin da aka auna bai wuce na ƙafa ba. Highlander ta 2023 tana da jakar iska takwas da bel mai maƙale kafaɗa da ƙugu, irin wanda Nils Bohlin na Volvo ya ƙirƙira a 1959 kamfanin ya bar wa kowa kyauta. A wannan fage babu gasa, uban da ke da hankali ba zai sa ɗansa a E-Type ya hau hanyar Zariya ba.

Hanyar ma ba za ta karɓe ta ba. Tazarar cikinta da ƙasa kusan santimita 14 ce, ta Highlander kusan 20. A tudun rage gudu na farko za ta bar salansarta. Shi ya sa ba ma ganin laifin magidanci mai 'ya'ya biyar da ke unguwar da kwalta ba ta kai ba idan ya nemi jif, damina kaɗai ta ishe shi hujja. Sai dai mun san akwai mai sayenta ba don rami ba, don a buɗe masa ƙofar gida da sauri a kira shi ranka ya daɗe. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, irin waɗannan da yawa sun lulluɓe ta da tamfol sun koma ƙaramar mota.

Akwai abin da tsohuwar ta fi ta, kuma bai kamata a raina shi ba. Komai nata a fili yake. In aka ɗaga bonet, gaba ɗayan gaban motar ne ke tashi, inji da tayoyi su bayyana, bakanike mai kunne zai daidaita kafireto ukun nan da sauraro kawai. Direba yana jin kowane dutse a tafin hannunsa. Highlander kuwa in fitila ta kama a gaban direba, sai an nemo mai kwamfuta ya tambaye ta abin da ke damunta. Amma kada a ruɗe mu da cewa kayan da sun fi ƙarko don ana ganin E-Type mai shekara 60 tana sheƙi. Waɗanda muke gani su ne 'yan gatan da aka kashe wa dukiya, tsatsa ta cinye da yawa daga cikin 'yan uwansu tun tuni.

Kasuwa ta riga ta yanke hukunci. Porsche, gidan motocin gudu, ya fito da jif mai suna Cayenne a 2002, masoyansa suka yi ta tsinuwa, ita kuwa ta cika masa aljihu. Lamborghini ya bi a 2018, Ferrari a 2022. Jaguar kansa, wanda kamfanin Tata na Indiya ya saya a 2008, ya yi tasa jif ɗin, F-Pace, a 2016, nan da nan ta zama wadda ya fi sayarwa. Hukumar makamashi ta duniya ta ce kashi 48 cikin 100 na motocin da aka sayar a duniya a 2023 jif ne.

To ina haɗarin ya tafi? Wannan ne abin da ya tsaya mana a rai. E-Type da wanda ya zaɓi ya hau ta take caca. Jif ta rufe na ciki ruf, ta tura haɗarin waje, ga wanda bai sayi komai ba. Mota mai ƙasa-ƙasa idan ta bugi mutum a ƙafa take samunsa, ya faɗa kan bonet. Mai dogon gaba a ƙugu ko ƙirji take samunsa, ta kayar da shi gabanta, ta bi ta kai. IIHS ɗin nan ta fitar da bincike a 2023 cewa motar da gabanta ya haura inci 40 ta fi yiwuwar kashe mai tafiya a ƙafa da kusan kashi 45 cikin 100 idan aka kwatanta da mai gajeren gaba mai gangare. Inci 40 ya ɗan ɗara mita ɗaya, tsayin yaro ɗan shekara huɗu ke nan. A Amurka masu tafiya a ƙafa da mota ta kashe sun tashi daga kimanin 4,100 a 2009 zuwa fiye da 7,500 a 2022. Ba jif kaɗai ce sila ba, akwai waya a hannun direba, akwai tituna marasa fitila, amma girman motoci yana cikin lissafin.

Turai ta ɗauki matakin kare na waje tun 2005, da dokar da ta tilasta a tausasa gaban mota. Jaguar XK ta 2006, jikanyar E-Type, tana cikin motocin farko masu bonet da ke ɗagawa da kansa cikin ƙiftawar ido idan an bugi mutum, don kada kansa ya daki inji. Mutanen birnin Paris sun kaɗa ƙuri'a a Fabrairun 2024 aka ninka kuɗin ajiye manyan motoci sau uku. Amurka kuwa sai a Satumban 2024 ta gabatar da daftarin irin wannan doka ta kare kan mai tafiya a ƙafa.

Mu kuma jif ɗinmu yawanci daga Amurka take zuwa, ta Ikko ko ta Kwatano, bayan ta yi shekaru a hannun wani. Da dama a wurin gwanjon motocin da suka yi haɗari ake sayo su, a buge bodi, a fesa fenti, jakar iskar da ta riga ta fashe a ɗinke murfinta a bar ramin wayam, a kashe fitilar da ke tona asiri. Mai ita yana tafe da iyalinsa yana ganin a cikin ganuwa yake, bel ma sai ya hango jami'an kiyaye haɗura yake jawowa. Titin da zai bi kuwa babu gefen masu ƙafa, mai talla da almajiri da mai tura kura da 'yan firamare duk a kan kwalta ɗaya suke da shi, kuma da yawa daga cikin 'yan firamaren nan kansu bai kai bakin bonet ɗinsa ba.